Hanyar da ƙaramar mota ba ta iya bi

A watan Agustan bara aka yi mana rasuwa a wani ƙauye da ke arewa da titin Katsina zuwa Daura. Ƙanwar mahaifinmu ce, Gwaggo, ta cika bayan sallar asuba. Muka fita daga Katsina da mota biyu, ni a tsohuwar Starlet ɗin da na gada a wurin Baba, ƙanena kuma a RAV4 ɗinsa mai ja da ƙafa huɗu. Muddin muna kan kwalta babu wanda ya tsere wa wani. Da muka sauka kan burji ma muna tare, sai dai ni ina kauce wa ramuka, shi yana bi ta kansu. Saura kamar kilomita shida mu isa sai muka tarar da wani kwari inda ruwa ya cinye kwalbati, ya bar laka da yashi, ga ruwa na gudu har ƙwauri. Na fito na auna da kara, na ga ko na gwada ba zan fita ba.

Ƙanena ya sauke gilas ya ce, "Yaya, ka bar ta nan ka shigo. Ai na sha gaya maka, motar nan ta gama aikinta."

Na gyara mata tsayuwa a gindin wata tsamiya, na roƙi wani yaro mai kiwo ya sa mini ido, na shiga tasa. Ya danna wani maɓalli, ya sa kai a hankali, motar ta ɗan yi wutsil-wutsil a tsakiyar laka, sannan ta haye. Da ƙyar muka samu jana'iza. Da a motata kaɗai muka dogara, da ba mu same ta ba, kuma wannan ba abin da zan ɓoye ba ne.

Amma a wurin zaman makoki na ji abin da ya hana ni barci. Kwana uku Gwaggo ta yi tana jinya. Tun ranar farko 'ya'yanta suka so kai ta asibiti, babu direban Golf ɗin da ya yarda ya tsallako kwarin. Sun shirya a ɗora ta a amalanken shanu a fito da ita bakin titi da safe, sai rai ya yi halinsa kafin gari ya waye. Ba ina cewa da an kai ta da ta tashi ba, kwana idan ya ƙare ya ƙare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk faɗin ƙauyen nan da ƙauyukan da ke bayansa babu mai jif ko ɗaya. Motar da suka sani ita ce Golf, sai tsohuwar Starlet, sai babur. Mu da muka zo daga birni da ƙafa huɗu mun tsallaka cikin minti biyu, mun yi ta'aziyya, mun koma. Su kuwa kwarin yana nan yana jiransu har kaka.

Tun daga ranar na daina kallon gardamar ƙaramar tsohuwar mota da jif na zamani a matsayin hirar majalisar shayi. Ina ganin ƙaramar mota ita ce ma'aunin hanya. Duk hanyar da Starlet ko Golf ba ta iya bi, to ba hanya ba ce ga talaka, ko da jif ɗari sun bi ta lafiya.

Bari in faɗi yadda motocin biyu suke, don kada a ce son zuciya ne. Toyota ta ƙera Starlet daga 1973 zuwa 1999. Tawa ta ƙarshen shekarun 1980 ce, injinta lita 1.3, da kafireta, giyar hannu, ƙafafun gaba ke ja, nauyinta bai kai kilo 800 ba. Ba ta da esi, ba ta da komai na alatu. Ita kuwa RAV4, wadda aka fara yi a 1994, ta ƙanena ƙirar 2010 ce, injin lita 2.5, giyarta da kanta take canzawa, nauyinta ya ninka na tawa. Cikinta ya fi nisa da ƙasa, tayoyinta sun fi girma da faɗi. A tafiyar yau da kullum ita ma ƙafafun gaba ne ke yawancin aikin. Sai kwamfutar motar ta ji gaba na sulɓi, ko an taka wuta da ƙarfi, sannan ta tura wani kaso na ƙarfin inji zuwa baya. Maɓallin da ya danna a bakin kwari shi ke tilasta mata raba ƙarfin gaba da baya, kuma da zarar gudu ya wuce kamar kilomita 40 a awa, sai ya saki da kansa. Wannan ya bambanta da irin su Hilux da Prado, masu ƙaramar giya ta musamman don hawan dutse da fita daga yashi mai zurfi. Mu nan duk jif muke ce musu, alhali ba aikinsu ɗaya ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Da yawa daga cikin jif ɗin da ke yawo a Katsina ba sa ja da ƙafa huɗu sam. RAV4 da Highlander da CR-V da Lexus RX duk a Amurka iri biyu ake sayar da su, mai ja da gaba kaɗai da mai ja da huɗu, kuma jikinsu ɗaya ne, ba a rarrabewa daga nesa. Sai mutum ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko akwai dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa ƙafafun baya. Na san mutumin da ya shekara biyu yana tinƙaho da fowil, wato ja da ƙafa huɗu, sai ranar da ya kafe a yashi a hanyar gonarsa, ƙafafun gaba na ta haƙa rami na baya ko motsi, sannan ya gane cinikin biri a sama ya yi. Dillali bai gaya masa ba, shi kuma bai tambaya ba, domin tun farko ba ƙafa huɗun ya je saya ba. Tsayin motar ya saya, da yadda maigadi zai buɗe masa ƙofa da gudu.

Wannan shi ne abin da ba mu cika son faɗa ba. Ƙasar Katsina da Daura shimfiɗaɗɗiya ce. Ba mu da tsaunuka irin na Mambila, ba mu da ƙanƙarar da ta sa Turawa da Amurkawa suke neman ƙafa huɗu a hunturunsu. Ruwanmu na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara rani ne da ƙura. Mai jif ɗin da ke zaune a GRA ko Layout, yana aiki a sakatariya, yana kai yara makaranta, ranar Juma'a ya je masallaci, wani lokaci ya leƙa Kano, kwana nawa a shekara ƙafafunsa na baya ke yin wani aiki? Sauran kwanakin duka dakon ƙarfe yake yi, yana biya da fetur.

Da can ana iya cewa ina ruwan wani, kuɗinsa ne. Amma ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. A lokaci guda aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa naira ɗari huɗu da sittin da wani abu ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kowa a garin nan ya ga abin da ya biyo baya. Manyan motoci suka koma ƙarƙashin rumfa an lulluɓe su da tamfol, masu su suka koma babur ko Keke Napep. Ni kuwa ban ajiye Starlet ba ko na mako ɗaya. Man da zai kai ni Daura, kilomita kamar tamanin, ya dawo da ni, ƙanena ba zai yi wannan tafiyar da shi ba sai ya ƙara mai yawa a kai. Shi da kansa, a watannin da abin ya yi tsanani, yakan aiko yaro da safe a ce, "Wai in ji Baba Ƙarami, idan ba za ka fita ba a ara masa mota."

Mai ma sauƙi ne a kan kayan gyara. Tayar Starlet lamba 13 ce, kowane mai faci yana da ita a jingine. Ta RAV4 lamba 16 ce ko 17, kuɗin ɗaya ya kusa sayen biyu ko fiye na tawa. Kuma mota mai ja da ƙafa huɗu tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Idan ɗaya ta fi sauran tsawo, gaba da baya ba za su riƙa juyawa daidai ba, na'urar da ke raba ƙarfin sai ta ɗauka sulɓi ake yi, ta yi ta aiki ba hutu, ta yi zafi, ta ci kanta. To mu yaya muke sayen taya? Ɗaya-ɗaya, 'yar Beljiyam, ranar da tsohuwar ta fashe. Ga man giyar baya da na akwatin raba ƙarfi da ya kamata a riƙa canzawa, wanda yawancin masu motar ba su ma san akwai shi ba. Shi ya sa ake samun jif da yawa da aka kwance musu dogon ƙarfen nan na baya aka jefa a lungun gareji, don ya fara ƙara kuma kuɗin sabo ya fi ƙarfin mai shi. An biya kuɗin ƙafa huɗu, an koma tafiya da biyu.

Bakanikena tun zamanin Baba yake duba motar nan. Da kunne yake gane ciwonta. Ya ce a tayar, ya karkata kai, ya ce filogi ne, ko kafireta ta sha ƙura, ko fanbel ya saki. Ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar, kafin la'asar na tafi. A Mashi ko Mani ko Mai'aduwa, duk inda ta tsaya mini, akwai mai irin wannan kunnen a bakin tasha. Motar zamani kuwa sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta. Akwai samari a Katsina da suka koyi wannan aikin kuma suna ƙoƙari ƙwarai, ina jinjina musu, amma ba su da yawa, kuma a birni suke. Abin da ya fi yawa shi ne lalube. Fitila ta kama a gaban direba, a canza wannan, a canza wancan, ba ta mutu ba, a ƙarshe a cire ƙwan fitilar ko a manna mata baƙin salatif. Matsalar tana nan, an dai rufe mata baki.

Yanzu kuma in zo inda tsohuwar motata ba ta da abin cewa, domin idan na tsallake shi na ci amanar mai karatu. Starlet gwangwani ce. Ba ta da jakar iskar da ke fitowa ta tare ƙirji da kai, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, ba ta da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara juyawa a kwana. Ƙofarta siririya ce, ana iya lanƙwasa ta da gwiwa. Motocin zamani an ƙera gabansu ya murƙushe ya shanye bugu, ɗakin fasinja kuma ya tsaya da ƙarfinsa. A Amurka tun ƙirar 1998 doka ta wajabta jakar iska biyu a gaban ƙananan motoci, tun ƙirar 2012 kuma ta wajabta na'urar daidaita mota. Idan mota mai kilo 800 ta yi gaba da gaba da mai kilo 1,600, ba sai an tambayi malamin kimiyya wa zai fi jin jiki ba. Na taɓa tsayawa a kan hatsari tsakanin Charanchi da Kankia, ƙaramar mota da babbar mota, kuma abin da na gani ya sa har yau ba na ɗaukar iyalina zuwa Kano a Starlet. Ko in ari ta ƙanena, ko mu shiga motar haya mai ƙwari. Duk mai cewa motocin da sun fi na yanzu ƙarfi don ƙarfensu ya fi kauri, bai ga yadda ake zaro mutane daga cikinsu ba.

Sai dai a lura, duk wannan kariyar ba daga ƙafa huɗu ta fito ba. Daga sabuntar ƙira ta fito. Ƙaramar Corolla ko Yaris ta shekarun nan tana da jakar iska da birkin zamani, kuma da ƙafa biyu take ja. Ƙafa huɗu na taimaka wa mota ta tashi, ta fita daga laka, amma ba ta rage mata nisan tsayawa ko taku ɗaya idan an taka birki. Hasali ma mai nauyi ta fi wuyar tsayarwa, mai tsayi kuma ta fi saurin kifewa idan taya ta fashe ana gudu. Sannan akwai ruɗin da take sa wa direba. A Starlet idan na kai tamanin, sitiyari na rawa, iska na kuka, jikina da kansa zai ce in sassauta. A jif, gilas a rufe, sanyi na busawa, mutum zai kai ɗari da arba'in bai sani ba, a titin da shanu ke tsallakawa, da yara masu talla, da mai babur ɗauke da mutum uku. Kuma wace irin jif muke saya? Da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka motocin da suka yi hatsari ne aka yi gwanjonsu, aka gyara jiki aka fesa fenti. Jakar iskar ta riga ta fashe a can, an ɗinke wurin an rufe. Mai ita yana gudu da imanin yana da kariyar da babu ita.

Wanda ke wajen motar kuwa ba a ma sa shi a lissafi. Ƙaramar mota idan ta bugi mutum a ƙafa take samunsa. Jif mai dogon gaba a ƙugu ko ƙirji take samun babba, yaro kuwa a kai, kuma direban bai cika hango ƙaramin yaron da ke dab da gabansa ba. Ku shiga lungunan cikin gari, Yarinci ko Rafindadi ko kewayen Gobarau, inda aka yi hanyoyin don mai ƙafa da mai doki da mai jaki. Jif ɗaya idan ta tsaya a ƙofar gida ta toshe layin gaba ɗaya, almajirai da 'yan makaranta sai sun manna da bango. Kariyar da mai babbar mota ya saya wa kansa, wani ɓangarenta daga jikin maƙwabcinsa aka yanko.

Iyayenmu ba su san wannan zaɓin na ko gwangwani mai shekara talatin da biyar ko jif ta miliyoyi ba. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma Volkswagen ta fara haɗa tata a Legas. Ma'aikaci yakan samu bashin mota ya sayi sabuwa fil a leda. Baba malamin gona ne, kuma kafin Starlet ƙaramar Volkswagen ɗin nan mai inji a baya ya riƙe. Iska ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto balle ta tafasa, nauyin injin kuma yana kan ƙafafun da ke ja, shi ya sa take tafiya a yashi kamar raƙumi. Da ita ya zagaye ƙauyukan Kaita da Mashi da Zango yana koya wa manoma sa taki. Fijo 504 ita ma da ƙafa biyu take ja, amma ta ratsa Afirka ta Yamma kaf. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, muka koma 'yan Kwatano. Shekara da shekaru ta Maraɗi da Jibiya da Kongolam ƙananan motocin nan suke shigowa. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Ko me aka nufa da dokar, abin da muka gani a nan shi ne ƙaramar mota mai ɗan sauran ƙuruciya ta yi wa malamin makaranta nisa. Sai ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar, direban haya kuma ya ci gaba da cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, wasu a but, cikin Golf ɗin da aka ƙera tun shekarun 1990.

A ɗaya gefen kuma, waɗanda ke da ikon gyara hanya sun sayi hanyar tsallake ta. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, Majalisar Tarayya mai sanatoci 109 da wakilai 360 ta sayo wa 'ya'yanta manyan jif, rahotanni suka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Da aka yi ca, hujjar da aka kawo daga majalisar dattawa ita ce hanyoyin Najeriya ba su da kyau, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Na daɗe ina juya wannan hujjar. Gaskiya ce, hanyoyin ba su da kyau. Amma mutumin da aka zaɓa don ya sa a gyara hanya, idan ya ɗauki kuɗin jama'a ya sayi abin da zai hana shi jin ramin, yaushe zai tuna da ramin? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to an fitar da shi daga ɗakin an sa shi a bene. Kuma ba Abuja kaɗai ba ce. A jihohi da ƙananan hukumomi ma, sabuwar gwamnati da sababbin jif suke zuwa tare. Jami'i zai je duba aikin hanya a cikin Prado, ya wuce ta kan kwalbatin da aka yi da siminti kaɗan, bai ji komai ba, ya sa hannu a biya ɗan kwangila. Damina ɗaya ta wanke shi.

Da ina da murya a inda ake yanke shawara, da na ce duk hanyar karkara da aka gama, kada a karɓe ta sai bayan ta ga damina guda, kuma wanda zai karɓa ya je a cikin Golf ta haya da lodinta, ba a motar ofis ba. Idan Golf ta wuce, hanya ta yi. Da na ce harajin shigo da mota ya bi girman inji da nauyi, ƙaramar mota mai jakar iska da birkin zamani ta samu sauƙi sosai, mai son injin lita uku da rabi ya biya abin da ya dace da sha'awarsa. Da kuma na ce motoci masu ƙafa huɗu da ake saya da kuɗin gwamnati a fara ba waɗanda aikinsu ke cikin laka da yashi: motar ɗaukar marasa lafiya ta asibitin karkara, ma'aikatan rigakafi, malaman gona, jami'an tsaro. Su ne ke buƙatarta da gaske. Da ƙaramin asibitin da ke kusa da ƙauyen Gwaggo yana da irin wannan motar guda ɗaya, da mai a cikinta, da ba a yi maganar amalanke ba.

Ba na zargin ƙanena. Yana da gona a bayan Dutsi, yana shiga da taki yana fitowa da amfani, damina da rani, kuma motarsa na yi masa aikin da tawa ba za ta iya ba. Irinsa ne ya dace ya saya. Wanda nake jin wa ciwo shi ne matashin ma'aikacin da ya ci bashin banki, ko ya sayar da filin gado, ya sayi tsohuwar jif mai shekara goma sha biyar don kada a raina shi a wurin ɗaurin aure. Mu ne muka koya masa haka. Mun mayar da tsayin mota ma'aunin mutum. Na sha zuwa taro a Starlet a nuna mini can bayan fili in ajiye, wanda ya zo bayana a jif a buɗe masa gaban rumfa, ba a tambayi ko wane ne shi ba. Har a neman aure ana kallon abin da saurayi ya jingina a ƙofar gida. Bayan wata shida kuma motar na kwance, giyabos ya tafi, albashin wata biyar ba zai tayar da ita ba, ga bashi na ci. Daidai ruwa daidai tsaki, haka aka rene mu, amma yanzu mai bin wannan sai a ce ya gaza.

Wani abin da rashin tsaro ya koya mana kuma, babbar mota ido take ja. Na san masu jif da idan tafiya ta kama su yamma, wajen Batsari ko Safana, sai su ajiye ta a gida su nemi wata tsohuwar ƙaramar mota, su sa tufafi marasa ɗaukar ido. Wato a hanyoyin da aka ce don su aka sayi jif, can ne kuma ba a iya shiga da ita.

Ranar da muka dawo daga ta'aziyyar, la'asar sakaliya muka iso kwarin. Starlet na nan a gindin tsamiya, yaron ya kori awakinsa zuwa inuwarta yana zaune a gefe. Na sallame shi. Kafin in tayar sai ga wata Golf ta iso daga bakin titi, ta tsaya a inda na tsaya da safe. Fasinjoji suka firfito, maza suka naɗe wando, mata suka tattare zane suka gyara goyo, aka sauke buhun taki biyu da jarkar manja da katan ɗin taliya. Wani dattijo ya ɗora buhu a ka ya shiga ruwan yana dogara sanda. Na tambayi direban ko ba ya gwada tsallakawa idan ruwan ya janye.

Ya ce, "Malam, bara na gwada, injin ya sha ruwa, wata biyu ina biyan bashin gyara. Yanzu nan ce tasha, har Allah Ya kai mu kaka."

Ya juya motarsa, ya tsaya jiran waɗanda za su fito daga ƙauyen da ƙafa. Ƙanena ya riga ya yi gaba. Na bi bayan ƙurarsa a giya ta biyu, ina kauce wa ramuka, har muka hau kwalta.